Hukuncin jakar da aka yi wa shafi da fata mai ɗigo uku-uku

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ni baduku ne, ina ɗinka jakunkuna da walat da bel da hannu, ina sayarwa ta intanet, wasu kuma su ba ni aiki su biya rabin kuɗi kafin in fara. Fatar da nake saya jemammiya ce daga kamfani, ban san ko an yanka dabbar ko mushe ce ba, kuma abin yana damuna. Ta waje ta saniya ce. Wadda nake yin shafin ciki da ita kuwa siririya ce mai laushi, fuskarta da ɗigo-ɗigo uku-uku, mai sayarwa ya ce sunanta fatar shafi kawai. Wani abokin sana'a ya ce kada in damu, jima tana tsarkake kowace fata. Shin cinikina ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah Ya sa albarka a hannunka. Ka tambayi abu ɗaya, amma damuwarka ta sauka inda ba nan ne matsalar take ba. Fatar saniyar da ta hana ka barci lamarinta mai sauƙi ne. Wadda ka ambata a wucewa, mai ɗigo uku-uku, ita ce ta sauya hukuncin.

Fatar saniya da akuya da tunkiya, in an yanka, tsarkakakkiya ce ba saɓani. In ba ka san yadda dabbar ta mutu ba, jima ta isar maka, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa masu jan mushen akuya ruwa da bagaruwa suna tsarkake fatarta, kamar yadda Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito daga Maimuna. Na san mashhurin mazhabar Malikiyya shi ne ana amfani da jemammiyar fatar mushe a busassun abubuwa da ruwa, amma ba a salla a kanta, ba a sayar da ita. Sai dai akwai ruwaya daga Imam Malik cewa tana tsarkaka, haka Hanafiyya da Shafi'iyya suka tafi, kuma hadisi yana tare da su. Ka ci gaba da aikinka da ita. Sinadarin kurom da kamfanoni ke amfani da shi yana yin abin da bagaruwa ke yi: ya tsane danshi, ya hana ruɓa da wari. Wannan shi ne jima a shari'a, da ko me aka yi ta.

Mu koma kan shafin. Gashin alade yana tsirowa ne uku-uku, kuma saboda kaurinsa yana ratsa fatar daga fuska har baya. Idan aka tuge gashin aka jeme, sai hudojin su rage kamar duwatsun murhu, uku a nan, uku a can. Fatar akuya hudojinta ƙanana ne a jere, na saniya kuma sun fi su ƙanƙanta da cunkoso, ba su taruwa uku-uku. Kada ka yanke hukunci da kallon fuska kaɗai, domin akan buga wa fatar saniya ko roba irin wannan zane da inji. Ka yanki guntu ka juya bayansa, ka ɗaga shi wajen haske. Zanen inji a fuska yake tsayawa. Idan ka ga ɗigon ya fito ta baya a daidai inda yake ta gaba, to mafi rinjaye fatar alade ce a hannunka. Ka koma wa mai sayarwa ka tambaye shi kai tsaye: wace dabba ce? Shafi sunan aiki ne, babu dabbar da ake kira shafi. In ya yi ta kewaye-kewaye, ka riga ka sami amsa.

Idan ta tabbata ta alade ce, bai halatta ka saye ta ba, bai halatta ka ɗinka ta cikin kaya ka sayar ba, ko ga Musulmi ko ga wanda ba Musulmi ba. A kan wannan mazhabobi huɗu suka tsaya a abin da ake fatawa da shi.

Maganar abokinka ba daga iska ya ɗauko ta ba, don haka zan daɗe a kanta. Malaman mazhabar Zahiriyya sun tafi a kan jima tana tsarkake kowace fata har ta alade, an ruwaito haka daga Abu Yusuf almajirin Abu Hanifa, Shaukani ma ya rinjayar da shi. Hujjarsu hadisin Ibn Abbas ne da Muslim ya fitar, cewa idan aka jeme ɗanyar fata ta tsarkaka. Suka ce lafazin bai ware komai ba. Malamai ne manya, ba a raina su, amma hujjar ba ta kai inda suke so ta kai ba.

Ka dubi aikin da jima take yi a shari'a. A hadisin Salama bin Muhabbiƙ an kira jima da sunan yankan fata. Ke nan jima tana maye gurbin wuƙar da ba a sa wa dabbar ba. Akuya tsarkakakkiya ce tana raye, mutuwa ba yanka ce ta jawo mata najasa, sai jima ta kawar da abin da mutuwa ta kawo, fatar ta koma asalinta. To alade fa, ina asalin da za a mayar da shi? Da za ka kama shi ka fuskantar da shi alƙibla ka yi bisimilla ka yanka, da bai halatta ba. Abin da wuƙa ba ta gyara ba, na'ibin wuƙa ba zai gyara ba. Allah Ya kira shi ƙazanta a aya ta 145 cikin Suratul An'am, haramcinsa a jikinsa yake, ba daga yadda ya mutu ba. Hadisan jima kuwa a kan akuyar Maimuna da salkunan ruwa suka zo, ba a san Sahabbai da jeme fatar alade ba.

Sannan ko da mun sallama musu tsarki, tambayarka a kan ciniki take, kuma tsarki daban, halaccin sayarwa daban. A shekarar da aka buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi ya haramta cinikin giya da mushe da alade da gumaka, hadisin Jabir ne a Bukhari da Muslim. A nan take aka tambaye shi kitsen mushe, aka ce ana shafa wa jiragen ruwa, ana shafa wa fatu, ana kunna fitila da shi, ya ce a'a, haramun ne. Ka lura, masu aikin fata irinka suna cikin waɗanda aka kawo bukatarsu, kuma bukatar ba ta buɗe ƙofar ciniki ba. Fatar mushe ta fita daga wannan hani ne da nassi na musamman. Ina nassin da ya fitar da ta alade?

Wasu na zamani sukan ce sinadaran kamfani sun rikiɗa fatar ta zama wani abu dabam, kamar giya ta koma khalli, wato ruwan tsamin da ake sa wa abinci. Baduku ya fi kowa sanin ba haka ba ne. Giyar da ta rikiɗa sunanta ya sauya, ɗanɗanonta ya sauya, ba ta sa maye. Jima kuwa zaren fatar take ɗaurewa don kada ya ruɓe, ba ta mayar da shi wani abu. Shi ya sa har yanzu kake ƙirga ƙofofin gashin da idonka, masu sayarwa kuma a takardunsu da sunan dabbar suke rubuta ta. Akwai kuma masu cewa ai magabatan malamai sun yi rangwame ga masu ɗinkin takalmi su yi amfani da gashin alade a madadin allura. Gaskiya ne an yi wannan magana. Hanafiyya sun gina ta a kan lalura, Malikiyya kuma a kan cewa rai ba ya shiga gashi in an aske shi. Fata rai yana shiga cikinta, kai kuma ba ka cikin lalura: fatar akuya ko ta tunkiya da aka sirance zuwa milimita 0.5 ko 0.8 tana yin shafin walat da jaka, ta akuya ma ta fi ta tunkiya jure gogayya. Jakar da aka yi da fata mai kaurin milimita 2 sau da yawa ba ta bukatar shafi sam, in ka goge cikinta da kyau ya kwanta.

Abin da ke hannunka yanzu, ga yadda za ka yi da shi. Fatun da ba ka yanka ba ka mayar, ka karɓi kuɗinka, cinikin bai ƙullu ba tun farko. Kayan da ka gama ba ka sayar ba, ka warware ɗinkin, ka ɓare shafin a hankali, ka kankare ragowar gam, ka goge wurin da tsumma mai ɗan danshi, ka bar shi ya bushe a inuwa. In ka sa sabon shafi ka bi hudojin farko da allura, kada ka huda sababbi kusa da su, domin layi biyu na huda a gefe guda yaga yake jawowa. Abin da ka riga ka sayar cikin rashin sani babu zunubi a kanka. Wanda kake iya samu ka sanar da shi, ka ba shi zaɓi: ka sauya masa shafi kyauta ko ka mayar masa da kuɗinsa. Wanda ya ɓace maka, ka kimanta kason shafin a cikin kuɗin ka bayar ga mabukata. In ka taɓa salla da irin walat ɗin a aljihu ba ka sani ba, sallarka ta wuce, sai wadda lokacinta bai fita ba, an so ka sake ta. Taɓa busasshiyar najasa da busasshen hannu ba ya najastar da kai, kada waswasi ya sa ka wanke shago gaba ɗaya.

Karɓar rabin kuɗi kafin aiki ya halatta. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta amince da jinkirta kuɗin irin wannan ciniki ko biyansa kashi-kashi, muddin an bayyana nau'in kaya da sifarsa da lokacin gamawa. Saboda haka ka rubuta wa mai aiki irin fatar da launi da tsawo da faɗi da ranar karɓa. Ranar nan ita ce ke zubar da mutuncin masu sana'ar hannu. Ɗinkin allura biyu ba ya sauri, in ka san jaka za ta ci maka kwana goma, kada ka ce biyar don kada a tafi wurin wani.

Tunda ta intanet kake sayarwa, mai saye bai taɓa kayan ba, bai shinshina ba, idonka ne idonsa. Akwai abin da ake yi da garin fata a haɗa da gam a lulluɓe da roba, akwai kuma ƙasan fata da aka tsaga aka fente fuskarsa. In ka sa irin waɗannan a maɗauri ko a aljihun ciki, sannan ka rubuta fata zalla, ka yi algus, ko da sauran jakar ta gaske ce. Haka tabon kaska ko na lalas da ka ɓoye a ƙarƙashin murfi, ka ɗauki hotonsa ka nuna. Mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye masa.

Wani aibin kuma ba a ganinsa sai bayan wata uku, kai ka san da shi tun ranar yanka. Bel daga gadon baya ake yanko shi, a bi tsawon ƙashin baya, kauri milimita 3 zuwa 4. Fatar wajen cikin dabba sakwa-sakwa ce, tana miƙewa, bel ɗin da aka yanko daga can hudojinsa za su wangale ya karkace. Ka bar ta don ƙananan abubuwan da ba sa ɗaukar nauyi. Layin ɗinki ka ja shi milimita 3 ko 4 daga baki, tazarar huda ma kamar haka. In ka matse hudoji fiye da kima, ka yi wa fatar layin yaga da hannunka. Zare ka auna ninki huɗu na tsawon ɗinki, ka shafe shi da kakin zuma, a ƙarshe ka koma baya huda biyu ko uku kafin ka yanke. Gam riƙo ne kafin ɗinki, wurin da maɗauri ya haɗu da jaka kada ka dogara da shi. Bayan rini, ka goga farin tsumma mai danshi a kai. In ya ɗauki launi, farar rigar mai saye ma za ta ɗauka, sai ka ƙara gogewa ka sa abin rufewa kafin ka aika. Fatar da aka jeme da bagaruwa ko ɓawon itace, in tana da danshi ta haɗu da ƙarfe sai ta yi baƙin tabo da ba ya fita, don haka ka kula da maƙalai masu tsatsa. Kuma kada ka ƙulle kaya a leda su daɗe, fumfuna za ta kama su.

Abokin nan naka kada ka yi gaba da shi, ya faɗi abin da ya ji ne. Ka kai masa guntun fatar, ku ɗaga ta wajen haske tare, ƙila shi ma akwai irinta a shagonsa. Daga yau kuma duk fatar da za ka saya, ka tambayi dabbarta da irin jimarta, ka juya bayanta ka duba kafin ka biya.

Wallahu a'alam.