Tsuntsaye Biyar a Rami Ɗaya, Ga Ƙwai a Bakin Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina karatu a Kalifoniya. Bayan masaukinmu akwai busasshen reshe mai rami da wasu maƙoƙofai masu jan kai ke shiga. Na ga kusan biyar suna shige da fice, har wata ta fito da ƙwai a baki. Sata ce? Kuma yaya zan kalle su ba tare da na kore su ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin yi dace, don mutane kan daɗe suna jira ba su ga wannan ba. Irin maƙoƙofan nan ne da ke rayuwa a dazukan wani itace da ake kira ok (oak) daga yammacin Amurka har Kolombiya, masu huda dubban ramuka a jikin itace suna cusa ƙwayar ok ɗaiɗai, ajiyar lokacin sanyi. Irin wannan rumbu guda na iya kai ramuka 50,000.

Wadda ta ɗauko ƙwan 'yar gida ce. Zaman gandu suke yi: maza masu barbara kan kai bakwai, galibi 'yan'uwan juna, mata har uku suna saka ƙwai a rami guda, ga kuma 'ya'yan bara da ba su bar gida ba suna taya reno. Rikicin yana wajen matan. Idan ɗaya ta riga sakawa, wadda ba ta fara ba sai ta fitar da ƙwan ta kai wani reshe, 'yan gidan su taru su cinye, sau da yawa har da mai ƙwan. Haka za a yi ta yi sai ranar da dukansu suka fara sakawa. Daga nan ɓarna ta tsaya, a haɗu a kwanci kamar kwana 11, 'ya'yan su yi kusan wata guda kafin su tashi. Yawancin wannan sani ya fito ne daga gandun bincike na Hastings a kwarin Carmel na Kalifoniya, inda masanin tsuntsaye Walter Koenig ya fara bin su tun 1974.

Sai batun kallo. Fara koyon bambance mace da namiji, in ba haka ba duk abin da kika gani ruɗani ne. Namiji jan kansa yana haɗe da farin goshi, ita kuwa mace akwai baƙin layi tsakanin farin da jan. Ki fito da sassafe da madubin hangen nesa, ki zauna wuri ɗaya kullum, ki rubuta wa ya shiga, yaushe, me ya riƙo. Ranar da kika ga ana shiga da ƙwari a baki, an ƙyanƙyashe.

Ina roƙonki kada ki ƙwanƙwasa itacen ko ki kunna musu kukansu a waya. Idan mai abinci a baki ya tsaya yana ta dubanki ya ƙi shiga, kin matso da yawa, ja da baya. In kuma kin ji za a sare reshen don ya bushe, ki nemi a dakata sai 'ya'yan sun tashi.