Amsa ga 'yar'uwar da aka yi wa tayin dashen ɗan tayin wasu

'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Kin ce likita ya shaida muku ƙwanki ya yi rauni, maniyyin maigida ma ba ƙarfi, ya kawo shawarar a dasa miki ɗan tayin da wasu ma'aurata suka bayar kyauta, kina son jin yadda abin yake. Kujerar nan na taɓa zama a kanta. Shekararmu tara da aure aka yi mana wannan maganar, bayan IVF (haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, sannan a dasa a mahaifa) ta uku ba ta kama ba.

Masu yin IVF sukan samu 'yan tayi fiye da buƙatarsu. A dasa ɗaya ko biyu, ragowar a daskarar da su cikin ruwan naitirojin, sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. In sun gama haihuwarsu, wasu sai su bayar. Kuma suna jure ajiya: a 2022 an haifi tagwaye a Amurka daga 'yan tayin da aka daskarar tun 1992.

Ta fuskar jiki kam da sauƙi, don irin dashen da aka yi mini ne da nawa daskararre. Babu allurar tayar da ƙwai ta kullum, babu zuƙo ƙwai. Ƙwayar isturojin, sinadarin da ke kaurara bangon mahaifa, za ki sha kamar mako biyu, a yi ta sikanin ana auna kaurin bangon mahaifa (ni sai da ya haura milimita 7 suka yarda), a ƙara miki furojestaron mai shirya mahaifa ta riƙe ciki, sannan a shigar da ɗan tayin ta wani siririn bututu cikin 'yan mintoci, idonki biyu. Bayan kwana goma zuwa sha biyu a gwada jini. Kamuwar cikin ta fi rataya ga shekarun mai ƙwan lokacin da aka ɗiba, ba naki ba, don haka ki tambaya. Ki tambayi gwajin ƙanjamau, ciwon hanta da sikila na masu bayarwar. Cikin da ba na ƙwan mai ɗauke da shi ba kuma ya fi zuwa da hawan jini.

Inda gizo ke saƙar daban ne. Ranar muna fitowa daga asibiti, na riga na fara lissafin watan haihuwa a raina, maigida ya kunna mota bai ja ba. Ya daɗe yana kallon sitiyari, can ya ce: "In mace ce, wa zai zama waliyyinta ranar aure?" Ban ba shi amsa ba. Kusan wata biyu ina jin haushinsa, alhali na san tambayar tana kan hanya.

Da muka bincika, sai muka tarar malaman Sunna sun daɗe da rufe ƙofar. Fatawar Azhar ta 1980 ta halatta IVF tsakanin miji da matarsa muddin auren na nan, ta hana shigowar ƙwai ko maniyyin wani saboda cakuɗa nasaba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tsaya kan haka a zamanta na Amman a 1986. Iran ce ta bi wata hanya, ta yi dokar da ta yarda da dashen ɗan tayin wasu a 2003. In ke ba Musulma ba ce, ki zauna da malamin addininki da lauya, don dokar kowace ƙasa daban. Kada kuma ki dogara da cewa za a rufa asiri. A Ingila, wanda aka samu cikinsa daga 2005 zuwa yau yana da haƙƙin sanin masu bayarwar in ya kai shekara 18, ga gwajin DNA da ya zama ruwan dare.

Mu dai mun haƙura. Daga baya muka ɗauki riƙon wata marainiya, da sunan mahaifinta take amsawa a makaranta, ni kuma Umma take kirana. Ba zan ɓoye miki ba, har yau in na ga mai ciki wani abu yakan tsaya mini a wuya.

Kada ki sa hannu a takarda ranar da aka miƙo miki ita. Ki nemi likita na biyu ya sake duba sakamakon gwajin AMH ɗinki (gwajin jinin da ke nuna yawan ƙwan da ya rage miki), ku kuma tambaya ko an gwada ICSI, wato a ɗauki ƙwayar maniyyi guda ɗaya a tura ta cikin ƙwai da allura. Tun 1992 ake haihuwa ta wannan hanyar, kuma a tambayarki ban ga kin ambace ta ba.