Za mu je hutu bakin teku da kare, zan iya kulle shi a cikin karaban?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina aure a Leeds da ke Ingila. Maigidana yana da kare ɗan shekara 6, tun kafin a kawo ni yake tare da shi. Mun kama hayar karaban, wato ɗan ƙaramin gida mai taya da ake kwana a ciki lokacin hutu, na mako guda a watan Yuli kusa da Whitby, za mu je da yara da karen. Ni ban saba da harkar kare ba. Idan za mu shiga gari cin abinci ko sayayya, zan iya kulle shi a ciki na awa biyu ko uku? Me kuma ya kamata in shirya?

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa. Ki yi haƙuri, a watan Yuli kada ki kulle shi a ciki da rana, ko da na rabin awa ne. A kan wannan zan fi tsayawa, domin shi ne yake kashe karnuka a lokacin hutu.

Mu da muka tashi a zafin arewa mukan raina ranar Ingila. Idan aka ce yau maki 22 ne a ma'aunin zafi, sai mu ji kamar sanyin safiya. To ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA ta daɗe tana gargaɗi cewa a irin wannan rana cikin mota yana iya kai maki 47 a awa guda, kuma gargaɗin nata ya haɗa da karaban. Dalili a fili yake: bangonsa siriri ne, tagoginsa manya, rana na dukansa ta sama da gefe, zafin ya shiga ya rasa hanyar fita. Buɗe taga kaɗan ba ya magance komai. Inuwar da kika bari da safe kuma, kafin azahar ta koma wani gefen.

Shi kare ba ya gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafin jikinsa, kuma hakin ba ya amfani idan iskar da yake shaƙa ita ma ta yi zafi. Zafin jikinsa na lafiya yana wajen maki 38 zuwa 39. Da ya haura 41, ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa suna cikin haɗari. Ki lura da alamun: haki mai tsanani da ba ya lafawa, yawu mai kauri yana dalala, dasashi ya yi ja sosai, yana tangaɗi, yana amai, ko ya zube ƙasa. Idan kin ga haka, ki fara sanyaya shi tun kafin a hau mota: a kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwan sanyi, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan idan yana iya sha. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe zafi. Daga nan sai asibitin dabbobi, ko da kin ga ya warware, saboda illar tana iya bayyana daga baya. Idan mai ƙiba ne, ko irin masu gajeren hancin nan, haɗarin ya fi yawa.

Ban da zafi, sansanonin karaban da yawa sun rubuta a sharuɗɗansu cewa ba a barin kare shi kaɗai a ciki. Karen da ya tsinci kansa a baƙon wuri yakan yi ta haushi yana yagar labule, maƙwabta su kai ƙara. Mafita ita ce ku tsara fitarku da shi. Whitby gari ne da aka saba ganin karnuka, wuraren cin abinci da yawa suna karɓarsu. In kuma shagon ba ya karɓa, ɗayanku ya tsaya da shi a inuwa.

Sai dokar bakin teku. A wannan yankin, daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba ana hana karnuka shiga wasu sassan yashin. A Whitby haramcin ya shafi wani ɓangare na babban yashin West Cliff, amma ƙaramin yashin Tate Hill da ke gefen tashar jiragen ruwa a buɗe yake gare su duk shekara. Ki karanta allon da ke bakin hanya kafin ku sauka. Ana cin tara nan take, idan magana ta kai kotu tana iya kai fam 1,000. Ledar kwashe kashinsa kuma kada ta rabu da aljihunku.

A kan yashin, ki ɗora bayan hannunki a ƙasa na daƙiƙa biyar. In ba ki iya jurewa ba, ƙafarsa ma ba za ta jure ba, shi ya sa na fi son yawon sassafe da na yamma. Ki riƙe masa ruwan sha da ɗan kwanonsa, don ƙishirwa ce take sa shi lasar ruwan teku, gishirin ya jawo gudawa da amai. Idan kin ga wani farin dunƙule mai kama da kitse ko kyandir a bakin ruwa, ki janye shi. Sau da yawa daskararren man kwakwar manja ne da ya fito daga wankin tankunan jiragen ruwa, yana ɓata musu ciki ƙwarai.

Gaɓar Yorkshire, yankin da Whitby yake, tana da duwatsu masu tsayi da suke gangarawa tsaye cikin teku, kuma kare in ya bi tsuntsu ba ya kallon gabansa. A saman nan igiya dole ce, haka ma kusa da tumaki, domin doka tana hukunta mai karen da ya kore su. Ruwan teku yana cikowa sau biyu a kowace rana, ki duba lokacinsa. Idan ruwa ya ja karen, don Allah kada kowa ya bi shi, musamman yara. Ku tsaya inda zai iya fitowa kuna kiransa, ku buga 999 ku nemi masu gadin gaɓar teku. A cikin ciyayi kuma akwai kaska, ki riƙa shafa kunnuwansa da hammatarsa kowane dare. Maciji mai dafi ɗaya ne tak a Birtaniya, dangin kububuwa. In ya sare shi, a ɗauke shi a hannu zuwa likita, ba a ɗaure wurin, ba a tsotsa.

Kafin ku tashi, maigida ya tabbatar adireshi da lambar wayar da ke rajistar ɗan maikurocip ɗin da aka dasa masa, wato 'yar na'urar da ke ƙarƙashin fatarsa mai ɗauke da lambar shaidarsa, na yanzu ne. Tun Afrilun 2016 dasa shi ya zama tilas. Abin wuyansa ma doka ta ce ya ɗauki suna da adireshin mai shi. A mota a ɗaure shi da ɗamarar karnuka ko a sa shi a kejinsa. Ku tafi da abincin da ya saba ci da shimfiɗarsa ta gida. Karaban ƙarami ne, tun ranar farko ki ware masa kusurwarsa da kwanukansa daban, nesa da kayan girkinki da inda kike shimfiɗa darduma. Ki kuma nemi lambar asibitin dabbobi mafi kusa da sansanin, har da wanda yake aikin dare, ki adana a wayarki da ta maigida.