Sabunta Lasin Tuƙi Ta Intanet: Wa Ya Cancanta, Wa Sai Ya Koma Farko?

Malam, lasina zai ƙare wata mai zuwa. Wani ejan a unguwarmu ya ce in ba shi naira dubu 35 ya kawo min sabo har gida. Ɗana kuma ya ce in bari zai yi min ta waya. Maganar wa zan kama? Daga wani magidanci a Zariya.

Alhaji, kama maganar yaron. Amma kafin ka fitar da ko kwabo, akwai gwajin da za ku yi kyauta. Ku shiga shafin lasin tuƙi na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ku duba da kyau cewa adireshin ya ƙare da frsc.gov.ng, ku zaɓi wurin sabuntawa. Abu biyu za a tambaye ka: lambar lasinka da ranar haihuwarka. Lambar tana jikin katin, tana farawa da haruffa uku, sai lambobi biyar, sai wasu haruffa biyu da lambobi biyu. Idan ka danna sunanka ya fito tare da sauran bayananka, to ka cancanta. Babban sharaɗin ke nan, a ce hukumar ta san da zamanka a rumbunta.

Na biyu shi ne lambar NIN. Tun watan Disambar 2020 aka wajabta ta ga mai neman sabon lasin da mai sabuntawa, kuma dole suna da ranar haihuwa su yi daidai da abin da ke wajen NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN.

Kuɗin da Hukumar Haraji ta Haɗin Gwiwa ta tsayar daga 8 ga Yunin 2025 shi ne naira 15,000 na shekara uku, 21,000 na shekara biyar, ga mota ke nan. Babur da Keke Napep kuwa 7,000 da 11,000. Akwai ɗan cajin banki da ke hawa kai. Sai ka auna wannan da dubu 35 ɗin da aka yanka maka.

Kada dai kalmar intanet ta sa ka zaci daga kan tabarmarka za a gama komai. Hannu uku ne a kan lasin Najeriya: hukumar tara haraji ta jiha ke karɓar kuɗi da miƙa kati, VIO, wato jami'an duba lafiyar motoci, ke tabbatar da cewa ka iya tuƙi, FRSC ke ɗaukar hoto da zanen yatsu ta buga katin. Abin da waya ke rage maka shi ne cike fom da biyan kuɗi. Bayan nan ka buga fom ɗin da rasit, ka kai su cibiyar da ka zaɓa. Shafin yana ba mai sabuntawa zaɓin a yi amfani da tsohon hotonsa da zanen yatsunsa ba sai an sake ɗauka ba. Idan kamanninka ba su sauya ba, wannan ya fi sauƙi. Idan kuwa hoton tun kana saurayi ne mai gashi, yanzu ga sanƙo ga furfura a gemu, je a sake ɗauka, don kada wata rana ka tsaya kana rantse-rantse a shingen bincike cewa kai ne. An saba ba da takardar wucin gadi ta kwana 60 kafin kati ya fito, ka riƙe ta a mota.

Na saka lambar lasina sau ba adadi, kullum sai ya ce babu bayanina. Alhali shekara biyar ina yawo da shi, ba wanda ya taɓa tare ni a kansa. Me ke faruwa? Daga wata malamar makaranta a Gusau.

Malama, mu fara da kyautata zato. Sau da yawa matsalar ba ta wuce a rubuta harafin O a maimakon sifili ba, ko a juya rana da wata. Ɗauki katin ki kwafi ranar haihuwar da ke jikinsa, ko da ba ita ce taki ta gaskiya ba. Masu cike wa mutane fom sukan ƙirƙiro rana idan sun ga kiran waya zai ɓata musu lokaci.

Idan kin yi haka har yanzu shiru, ga tambayar da za ta raba gardama: ranar da aka yi miki lasin nan, kin je ofis an zaunar da ke gaban kyamara, kin ɗora yatsunki a kan na'ura, kin sa hannu? Ko kuwa hoton fasfo biyu da kuɗi kika bayar, bayan mako guda aka kawo miki kati a ambulan? Idan na biyun ne, ki yi haƙuri, kusan tabbas katin jabu ne. Lasin farko ba ya yiwuwa ba tare da mai shi ya bayyana ba. Rashin tare ki kuma ba hujja ba ne. Jami'in da ke tsaye a rana yakan kalli hoto da ranar ƙarewa ya miƙo miki abinki. Ranar da ya buga lambar a na'ura, ko aka yi haɗari kamfanin inshora ya nemi tantancewa, ko wani ofishin jakadanci ya bincika, ranar ce ramin ƙarya ke ƙurewa.

Abin da babu shi ba a sabunta shi. Duk wanda ya ce ki ƙara kuɗi zai "shigar da ke sistem" wani jabun zai sake buga miki. Je cibiyar lasin mafi kusa su duba miki lambar da kansu. Idan sun tabbatar babu, sai a koma farko: makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita, wadda za ta ba ki takardar shaida mai lamba, da ita za ki buɗe fom ɗin sabon lasin, sai gwajin VIO, sai hoto. Na san da ciwo mace ta shekara biyar tana tuƙi a ce ta koma aji. Amma tarar tuƙi ba lasin naira 10,000 ce, ta takardun jabu kuwa 20,000, kuma ita ta biyun tana iya kai mutum gaban alƙali. Ni a ganina, kada ki ci gaba da nuna katin nan daga ranar da kika san matsayinsa.

Na shekara uku ko na biyar? Daga wani ɗan Keke Napep a Kano.

Ƙanina, lissafin a fili yake. Naka 7,000 a shekara uku ya kama sama da 2,300 duk shekara, 11,000 a shekara biyar kuwa 2,200. Bambancin bai kai kuɗin litar mai ba, don haka kada ka ci bashi a kansa. Idan kana da halin biya, ribar na biyar ita ce kwanakin aikin da ba za ka rasa a layi ba. Idan kuma kana shirin komawa tuƙin bas ko babbar mota nan kusa, ɗauki na uku, domin sauya ajin lasin, wato irin abin hawan da ya ba ka izinin tuƙawa, wani nema ne daban, lasin da ke hannunka ba zai bi ka can ba. Mai mota shi ya fi cin ribar na biyar: na uku ya kama masa 5,000 a shekara, na biyar kuwa 4,200.

Lasina ya faɗi a tasha, saura shekara biyu ya ƙare. In sabunta kawai? Daga wani ɗan kasuwa a Azare.

A'a, Malam. Shafin yana da wuri daban na sake fitar da wanda ya ɓata ko ya lalace, shi za ka bi. Ka tanadi takardar rahoton 'yan sanda da ta rantsuwa daga kotu. Wahalar ɗaya ce, sai da lambar lasin ake shiga, kuma mutane ƙalilan ne suka haddace ta. Duba tsohon rasit ko takardar wucin gadin da aka ba ka a baya, ko fom ɗin banki idan da lasin ka buɗe asusu. Idan duk babu, cibiyar da ta ɗauke ka hoto za ta iya nemo ka da suna da ranar haihuwa, sai ka tafi da katin NIN ɗinka.