Tambaya da Amsa: Firji ko Firizar Kwance don Abin Sha na Famfo a Gida?

Tambaya: Na fara haɗa ruwa mai gas da lemo a gida, ina zubawa a tulun ƙarfe mai cin lita 19 wanda ake haɗa wa tukunyar gas. Yanzu ina da tulu biyu, kuma ina so in sa musu famfo yadda duk mai buƙata zai tara kofi ya ɗiba da sanyinsa. Wasu sun ce in sayi firji na tsaye, wasu kuma sun ce firizar kwance mai murfi a sama ta fi. Wanne ya kamata in zaɓa?

Amsa: Malam, mun gode da wannan tambaya. Wannan tsari masu haɗa giya a gida ne suka fi yaɗa shi, musamman a Amurka, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce ko mene ne a cikin tulun: abin sha mai gas yana son sanyi tsayayye na kusan digiri 3 zuwa 4 a ma'aunin Salshiyos, domin iskar carbon dioxide, wato gas ɗin da ke cikinsa, ta fi narkewa a ruwa mai sanyi, kuma da zarar ya ɗan ɗumama sai ta tsere, kofi ya cika da kumfa. Shawarata ita ce, muddin a tulu biyu za ka tsaya, ka sayi firji. Firiza ta wanda ya tabbata zai kai tulu uku ko huɗu ce, kuma ya yarda da ɗawainiyarta.

Firji an ƙera shi ne domin ya riƙe irin wannan sanyi, saboda haka ba ya buƙatar wata ƙarin na'ura. Idan irin wanda ba ya tara ƙanƙara ne, shi da kansa yake kwashe danshin da ke ciki ya fitar ta wani ɗan bututu a baya. Ƙofarsa galibi ba ta ɗauke da bututun iskar sanyi, don haka ana iya huda ta a kafa famfo daidai tsayin hannu. Sai dai kafin ka biya kuɗi, ka tafi da tef ɗin awo. Tulun ƙarfe mai lita 19 da aka fi amfani da shi, wanda ake kira Cornelius, tsayinsa kimanin santimita 63 ne, faɗinsa kuma kimanin 22, sannan kana buƙatar ƙarin sarari a sama domin kawunan tiyo. Mafi yawan firji suna da tudu a ƙasa ta baya inda kwampreso yake, kuma kantocin jikin ƙofa suna cin wuri idan an rufe, ta yadda firjin da ka gani da girma a ido zai iya ƙin ɗaukar tulu na biyu. Ka shimfiɗa katako mai kauri a ƙasansa, domin robar wurin ba a yi ta don irin wannan nauyi ba.

Firizar kwance kuwa tana da abubuwa biyu da firji ba zai kamo ta a kansu ba. Mai cin kimanin lita 200 kan ɗauki tulu uku, wani lokaci huɗu, ga tudun kwampreso da ake ɗora tukunyar gas a kai. Sannan da yake iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, idan an ɗaga murfi sanyin yana nan kwance a ciki, saɓanin firji da sanyinsa ke zubowa ƙasa duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Wannan ya sa ta fi ƙarancin cin wuta, kuma ta fi daɗewa da sanyi idan lantarki ya ɗauke.

Amma firiza an yi ta ne domin ta sauka zuwa digiri 18 ƙasa da sifili, kuma idan ka bar ta haka tulunka zai daskare. Dole ka sayi na'urar daidaita sanyi ta waje, irin ta Inkbird ko Johnson Controls, wadda ake jona firizar a jikinta, ita kuma a jona ta a soket, tana kunnawa tana kashewa gwargwadon digirin da ka saita. Ka manna bakin ma'auninta a jikin tulu ka rufe shi da ɗan soso, domin ya riƙa auna sanyin abin shan maimakon iskar da ke sauyawa kowane lokaci, sannan ka saita jinkiri na aƙalla minti 5 tsakanin kashewa da sake kunnawa, in ba haka ba kwampreso zai gaji da wuri.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada ka kuskura ka huda jikin firizar kwance. Bututun iskar sanyi a cikin bangonta suke zagaye, ba a ganin su daga waje, kuma huji ɗaya a inda bai dace ba ya isa ya kashe ta. Bugu da ƙari, yawancin sababbin firiza suna aiki da iskar R600a, wadda take kama wuta. Abin da ake yi shi ne a cire murfin, kafinta ya haɗa firam na katako daidai bakin firizar, a ɗora shi a like gefensa, a mayar da murfin a kansa, sai a huda katakon a kafa famfo. Haka gefen firji ma yake iya ɓoye bututu, saboda haka a nan ma ƙofa kawai za ka huda, ko ka nemi mai gyaran firji ya duba maka tukuna.

Wannan firam yana ƙara tsayi, kuma a nan wahalar da ba a faɗa wa mai saye take. Tulu cike yana da nauyin kimanin kilo 23. A firji tura shi kawai za ka yi, amma a firiza sai ka ɗaga shi har kusan ƙirjinka, ka sunkuya ka sauke shi a hankali tsakanin tiyo da sauran tuluna. Mai ciwon baya ya yi wa kansa adalci a nan. Idan kuma gas yana yoyo, carbon dioxide tana taruwa a ƙasan firizar saboda nauyinta, don haka ka bar murfin a buɗe na ɗan lokaci kafin ka zura kai ciki.

Sai danshi. Firizar da ba ta daskarewa raɓa take tarawa a bango, ruwan ya gangaro ya kwanta a ƙasa, tsatsa da fumfuna su biyo baya. Kana buƙatar ƙaramar fanka irin ta kwamfuta tana juya iska, da abin tsotse danshi, da goge ciki a kai a kai. Fankar tana da wani amfanin kuma: saman firiza ya fi ƙasanta ɗumi, kuma idan tiyon da ke kusa da murfi ya ɗumama, kofin farko rabinsa kumfa ne.

Ko wanne ka zaɓa, ka tuna cewa giya ana tura ta da matsi na kimanin psi 10 zuwa 12 (psi ma'aunin matsin iska ne), alhali ruwan gas da lemo irin naka suna son psi 30 ko fiye, saboda haka kana buƙatar siririn tiyo mai tsawon mitoci da yawa domin ya rage ƙarfin fitowar. Ka sanya wurin naɗe wannan tiyo cikin lissafinka ranar da za ka je awo.