Amsa ga ɗan ƙanena kan jana'izar Bappansa, faston soja

Ɗana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan karatu na tafiya daidai a Bauchi. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka tambaye ni kai tsaye maimakon ka tsaya kan gunagunin da ka ji a bayan rumfa ranar da muka binne Bappanka Fasto a Kaltungo. Ka ce abu biyu sun tsaya maka a rai. Yaya za a harba bindiga a kan kabarin bawan Allah? Me kuma ya sa sojoji suka naɗe tuta suka miƙa wa matarsa, alhali mu 'yan'uwansa maza muna zaune, mu da al'ada ta ɗora wa hidimar gawa?

Kai ka tashi ka same shi ya riga ya ajiye kaki, tsoho mai furfura da ke fara sujada ƙarfe takwas daidai ko da mutum biyar ne a coci. Har ƙararsa aka kawo mana a kan haka, wai ya mai da majami'a filin fareti. To shekarun ƙarfinsa a bariki ya ƙarar da su, kuma sai ka san wannan rayuwar za ka gane abin da ka gani.

Faston soja fasto ne tukuna. Ikilisiyarsa ce ke koyar da shi, ta ɗora masa hannu, ta amince da tafiyarsa kafin soja su karɓe shi. Bappanka ɗan ECWA ne, kamar akasarinmu a ƙasar Tangale, inda 'yan mishan na SIM suka sauka tun 1917, ita kuma ECWA, ikilisiyar da aikinsu ya haifa, ta tsaya da ƙafarta a 1954. Bayan haka soja suka ba shi nasu horon, suka maƙala masa anini a kafaɗa. Daga ranar ya zama mai iyayen gida biyu, ikilisiya da kwamanda, kuma kowanne na da hakki a kansa har ranar mutuwa.

Sojan ƙasa sun raba hidimar addini gida uku: Musulmi da limaminsu, Katolika da Fadansu, sauran Kirista kuwa duk a inuwa ɗaya. Ɗan ECWA, ɗan COCIN, ɗan Anglika, ɗan Baptis, kowa a benci guda, kowa kuma da yadda ya saba yin baftisma da jibin Ubangiji a garinsu. Faston ƙauye da 'yan ɗarikarsa kawai yake fama. Na bariki kuwa dole ya iya da kowa, kuma kafin ya gama sanin mutanensa an yi musu canjin wurin aiki, ko shi an ɗauke shi. In ka samu dama wata Lahadi ka nemi izinin shiga cocin barikin Shadawanka, tunda ga ka kusa, ka ga yadda Najeriya ke haɗuwa a ɗaki ɗaya.

Amma wa'azin Lahadi shi ne mafi sauƙi a aikin. Shi ake tasa cikin dare in kofur da matarsa sun kaure. Shi ke zuwa gadirum ya zauna da wanda aka kulle, ya je asibiti wurin wanda aka yanke wa ƙafa. Lokacin da aka kwashi yaranmu zuwa Laberiya a 1990, da kuma wannan yaƙin na Borno da Yobe, barikoki suka koma mata da yara, faston soja da Magajiyar bariki, wato shugabar matan sojoji, ne suka riƙe gidajen. In mummunan labari ya zo daga fagen daga, da shi ake zuwa ƙofar gida. Bappanka ya taɓa gaya mini cewa akwai lokacin da mata kan ruga ɗaki su rufe ƙofa in sun hango shi tafe da wani hafsa a gefensa, ko da gaisuwa kawai ta kawo su. Irin wannan tafiyar yakan yi ta tare da limamin bariki, domin harsashi ba ya tambayar addini. Shi ya sa ka ga dattijon nan mai rawani ya zo ta'aziyya ya daɗe bai tashi ba. Abokin aikinsa ne.

Abin da na fi girmama shi a kai kuwa wani ne daban. Mutumin da ke zaune a bencin gaba yana jin wa'azinka, shi ne zai rubuta rahoton da za a duba kafin a ƙara maka girma. Kurtu ya sara maka a waje, ya shigo ya faɗa maka asirin da in kwamanda ya ji, aikinsa ya ƙare. Wanda ba shi da ƙashin baya sai ya koma ɗan amshin shata, ko ɗan rahoto. Bappanka yana yawan karanta musu Luka 3:14, inda sojoji suka tambayi Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi, ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce su dangana da albashinsu. Ka san abin da ke faruwa a shingayen hanya, don haka ka san ba kowa ke fita coci da fara'a ba ran da aka karanta wannan aya.

Yanzu batun bindiga. Tambayarka ba ta yara ba ce, manya sun sha muhawara a kanta. 'Yan'uwanmu na ikilisiyar EYN sun fito daga ɗarikar da tun asali ba ta yarda da yaƙi ba, kuma ko Dawuda an hana shi gina Haikali saboda jinin da ya zubar. A ɗaya gefen, Yahaya bai ce wa sojojin nan su tuɓe kayan aiki ba, kuma Karniliyus, wanda Bitrus ya shiga gidansa a Ayyukan Manzanni sura 10, hafsan sojan Roma ne. Ni dai inda na tsaya shi ne, muddin akwai 'ya'yanmu a cikin kaki, barinsu ba makiyayi shi ne babban laifi. Kuma shi faston ba mayaƙi ba ne. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta sa shi sahu ɗaya da likitoci, cikin waɗanda ba a kai wa hari, kuma in an kama shi ba a lissafa shi fursunan yaƙi. Su masu tayar da bam a kasuwa ba su san da wannan takarda ba, amma ƙa'idar ke nan.

Harbin da ka ji da busar begila ba ibada ba ne, ba kuma wanda ya ce suna kai mamaci wani wuri. Sallama ce irin ta soja ga nasu, Musulmi ko Kirista, irin karramawar da ake yi kowace 15 ga Janairu don tunawa da mazan jiya. Ka tuna yadda aka tsara ranar. Samarin gidanmu ne suka haƙa kabari, mu dattawa muka nuna wurin, kusa da kakanka. Zumuntar Mata suka kwana suna waƙa tare da mai takaba, fastoci suka yi addu'a suka miƙa shi ga ƙasa. Sojoji ba su taɓa ko ɗaya cikin waɗannan ba. Nasu bai wuce ɗaukar akwati, harbi da busa ba, kuma sai da suka nemi izininmu tun ana saura kwana biyu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: mun ci albashin soja a gidan nan shekara da shekaru, da shi aka biya wa mahaifinka kuɗin makaranta, ba za mu kore su ranar ban kwana ba.

Tuta kuma ba gado ba ce. Kowane soja yana cike takarda ya rubuta sunan wanda za a nema in ta Allah ta kasance, kuma wannan sunan kaɗai soja suka sani. Bappanka sunan matarsa ya rubuta, da hannunsa, da hankalinsa. Gona da gidan gado suna nan yadda muka saba, za a zauna a kansu bayan an share makoki. Kuma bari in faɗa maka gaskiya tunda ka girma: masu gunagunin nan ba ƙyallen ne ya dame su ba, kuɗin da suke zaton zai biyo bayansa ne. Matar nan ta bi shi bariki bariki, ta yi renon 'ya'ya ita kaɗai duk lokacin da aka tura shi, ta dafa wa gwaurayen sojoji da zawarawan da ba ta haɗa komai da su ba. Shi kansa ya sha yawon ofis ofis yana bin hakkin matan da aka kashe wa maza, wasu har lokacin barin gidan bariki ya yi ba a biya su ba. Abin kunya ne a ce tasa matar ce za mu tsaya ja da ita, mu da muke karanta Yakubu 1:27 a kan marayu da matan da mazansu suka mutu. Na faɗi haka a zaman dangi, kuma ban ji wanda ya amsa ba.

In an ba ku hutu ka biyo ta Gombe mu wuce Kaltungo tare. Akwai takardun fansho da za a kai banki, idona kuma ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu, kai za ka cike mata. Ka gai da abokan karatunka.

Bappanka na Gombe