Kaset-kaset ɗin Bala Miller da ka tsinta a akwatin Baba

Ɗan'uwa, ka ce ka tsinci kaset-kaset ɗin mahaifinka na kiɗan marigayi Bala Miller, makaɗin zamani, a gidan rawa na Costain Club da ke Kaduna, kana neman yadda za ka cece su. Wallahi ka tuno mini da samartaka. Daren Asabar mukan cika wurin maƙil, jita na kuka, ganga na amsawa, sai dare ya raba, mu taka a ƙasa har Tudun Wada.

Kada ka yi gaggawar sa su a tsohuwar rediyo, tana iya cinye zaren. Fara juya shi a hankali da biro. In ka ga fumfuna ko zaren ya manne, dakata, kai wa masu situdiyo su kwashe a kwamfuta. Ka nisanta su da rana da lasifika, maganaɗisunta na goge sauti.